Ranar Hutun Firij

Karatuna a aji bakwai ya tsaya, daga nan na kama tuƙin keken haya mai ƙafa uku a titunan Mysuru. Duk da haka, yau ko daga barci ka tashe ni zan gaya maka abin da ake kira antibodi, domin an daɗe ba a cin tuwon ragi, wato tamba, a gidana sai da zancensa.

'Yata Sahana ce ta jawo mana shi. Ita kaɗai gare mu, ni da matata Gowramma. Tana neman digirin dakta a wata cibiyar bincike da ke bayan gari, a kan kumburin gaɓoɓi, irin wanda ya mayar da gwiwoyin uwarta kamar kwakwa. Yadda ta yi mini bayani, akwai wani sinadari a jikin mutum da ke aiki kamar almakashi. Yana datse kitsen da ke bangon ƙwayoyin jiki, daga abin da ya datse ɗin ne zafi da kumburi ke tasowa. Ta ce ɗan'uwansa ne ma a cikin dafin kububuwa. Sunansa na boko ya fi ƙarfin harshena, sai na raɗa masa Mai-yankan-kitse, har ita ma ta koma kiransa haka a gida.

Matsalar ita ce ba a ganinsa da ido. Sai an samo antibodi, wani ruwa da ake tacewa daga jinin zomo a ƙasar waje, wanda duk duniya bai san kowa ba sai Mai-yankan-kitse, inda ya same shi kuwa sai ya cafke. In ya cafke, wani ɗan baƙin layi zai fito a kan takardar gwaji. Layin bai kai tsawon farcen ɗan yatsa ba, amma shi ne digirin. Duk ɓerayen da Sahana ta kumbura wa ƙafa, duk shekarun da ta yi ba biki ba zaman makoki, in babu layin nan sun tashi a banza.

Antibodi na farko da wani dillali ya kawo musu kowa yake cafkewa, takarda ta fito da zane kamar bayan jakin dawa. Na biyu kuwa ɗan zaman lafiya ne, bai cafke kowa ba. Na uku shi ne na ainihi. An cika takardu, an jira, ya zo ya kwanta a hannun 'yan kwastan a Bengaluru, ni kuma na rame a Mysuru. Wa'adin karatun Sahana zai ƙare ƙarshen shekara, in ba ta miƙa kundi ba a soke sunanta. Ba lokacin sayo na huɗu. Ranar da ya iso na roƙe ta ta nuna mini. Wata 'yar kwalba ce da ba ta kai ƙaramin yatsana ba, ruwan ciki kuwa ko hawayen jariri ya fi shi yawa. Appa take ce mini, wato baba, uwarta kuma Awwa. Ta ce, "Appa, abu ɗaya yake ƙi a duniya, zafi. In ya sha zafi, shi ke nan." Daga ranar ko wuta aka ɗauke a unguwarmu sai gabana ya faɗi, ko da yake kwalbar ba a unguwarmu take ba.

Ashe ya iso ne ana saura mako guda Ayuda Puja, ranar da kowa ke wanke kayan aikinsa, ya shafa musu kurkum da jan gari, ya rataya musu furanni, ya ajiye su gaban Uwa Chamundi, abar bautarmu da ke kan dutsen gefen gari, su huta, ba mai taɓa su sai washegari. Da ranar ta zo, ni da asuba na wanke kekena, na ɗaura masa rassan ayaba, na taka lemun tsami da ƙafafunsa uku, na jingine shi a ƙofar gida. Ina shan kofi sai na ga Sahana ta fito da sari na siliki, fuskarta a ɗaure.

Na ce, "Putti, lafiya?" Haka nake kiran ta tun tana ƙarama.

Ta ce, "Farfesa ya ce kowa ya zo. Darakta zai zaga ɗakunan gwaji ya ga puja."

"To abin ɓacin rai ne wannan?"

"Za a kashe wutar ginin gaba ɗaya, janareta ma zai huta. Kuma Farfesa ya ce antibodina za a ɗora a sahun gaba."

Kofi ya sarƙe ni. Ban tsaya tambaya ba, na zura riga na bi ta muka hau bas.

Farfesa Nanjundappa, malamin da ke duba aikinta, mutum ne dogo mai tumbi, wanda bai taɓa kiran sunana ba sai dai "direba". Mun same shi a tsakiyar ɗakin gwaji yana ba da umarni da yatsa. An haɗa tebura an shimfiɗa jan ƙyalle, hoton Uwa a sama, ƙasa kuwa an jera madubin ganin ƙwayoyi, da ma'auni, da kwalabe, kowanne da ɗigon ja a goshi. Abin da ke cin Farfesa shi ne matar da ke riƙe da ɗakin gwaji na kusa ta sayo sabon inji katoto, har yanzu yana cikin ledarsa don ba wanda ya iya kunna shi, amma ya sha furanni kamar ango. Shi kuwa Farfesa ba shi da sabon abu a bana sai 'yar kwalbar 'yata.

Ya ce, "Sahana, kawo shi. Da kwalinsa, a juyo rubutun ƙasar waje ya kalli ƙofa."

Ta ce, "Yallaɓai, da an bar shi a firij, ko ba wuta in ba a buɗe ba..."

"Ke kika san kimiyya ko ni? Tun ba a haife ki ba nake puja a ɗakin nan. Wata shida kina neman layi ba ki samu ba, kin taɓa tambayar kanki dalili?"

Ta sunkuyar da kai ta je ta ɗauko. Subbanna, tsohon ma'aikacin ɗakin da ke wanke kwalabe duk shekara amma ya zama malamin puja rana ɗaya, shi ya karɓa da hannu biyu ya ɗora. Ina ya ɗora? Tsakanin fitilar mai da kaskon kafur. Ga rana ta taga tana dukan kwalin, fanka kuma tana hutu, an ɗaura mata fure a kowane fiffike.

Darakta bai iso ba. Aka ce yana wajen pujar motarsa. Ɗalibai suna tsaye suna gumi cikin siliki, ni kuma idona na kan kwalba, ina ji kamar ni aka ɗora a kan tebur ɗin. Da na kasa jurewa sai na fita da gudu zuwa bakin ƙofar cibiyar, inda mai ruwan rake yake. Injinsa shi ma yana hutu, amma akwai ragowar ƙanƙarar jiya a cikin buhu. Na ƙunso a tawul na dawo tana ɗiga.

Subbanna ya tare ni da hannu. "Ina za ka da wannan?"

"Sadaka na kawo wa Uwa."

"Ƙanƙara? Ayaba na sani, kwakwa na sani, guggurun shinkafa na sani. Kakana bai taɓa miƙa ƙanƙara ba."

"A zamanin kakanka akwai antibodi?"

Ɗalibai suka fara ƙunshe dariya. Farfesa ya juyo. "Direba, mene ne?"

Na durƙusa. "Yallaɓai, ka yi mini rai. Ba zan taɓa kwalbar ba, gefenta kawai zan ajiye."

Ya shafa haɓa kamar mai yanke hukunci a babbar kotu. Can ya ce, "Ƙanƙara ruwa ce da ta natsu. Ruwa kuwa ana miƙawa. A zuba a faranti mai kyau, kada Darakta ya ga tawul ɗin nan."

Aka zuba. Kafin a jima ƙanƙara ta koma ruwan da bai natsu ba, ta jiƙa jan ƙyalle. Na ciro jarida daga aljihu na tsaya ina yi wa kwalba fifita. Subbanna na cewa zan kashe masa fitila, ni ina cewa fitilar ce za ta kashe mini 'ya. Ana cikin haka Sahana ta kamo hannun rigata ta ja ni bayan wani babban firij da ke tsaye shiru da sarƙar furanni a wuya.

Ta ce ƙasa-ƙasa, "Appa, don girman Uwa ka daina. Kowa kallonka yake yi."

"Su kalla! Shekarunki ne ke dahuwa a can."

"Ruwan gishiri ne."

"Me?"

"Abin da ke cikin kwalbar. Ruwan gishiri ne. Tun jiya na zuƙe na gasken, na rarraba shi a 'yan ƙananan kwalabe, haka ake yi dama. Ka ɗauka ni sakarya ce?"

Na ce, "Putti! Shi ne kika bar ni ina yi wa ruwan gishiri fifita kamar sabon bafade?"

"In na gaya maka, kafin mu sauka daga bas kwandasta ma ya sani."

Ban musa ba. Na ce, "To yana ina?"

"Gida. A firij ɗin Awwa, can sama wajen ƙanƙara, cikin gwangwanin man shanu. Ba wanda zai taɓa shi."

Ta ga yadda fuskata ta canja. Ta ce, "Mene ne?"

Sahana ta yi shekaru tana fita da safe ranar puja, ba ta dawowa sai yamma, ta manta abin da uwarta ke yi. Ni ban manta ba, don ni ke jan firij ɗin daga bango. Duk shekara, da zarar an gama karin kumallo, Gowramma kan zare wayarsa, ta kwashe komai, ta wanke shi ciki da waje, ta bar ƙofarsa a buɗe ya sha iska har gobe.

Na ce, "Putti, firij ba kayan aiki ba ne?"

Ta dafe bango. Ta zaro waya ta kira uwarta. A kashe. Ta sake kira. A kashe.

Na ce, "Kada ki wahalar da kanki. Wayar ma kayan aiki ce. Tana kusa da injin markaɗe da jan gari a goshi."

Ta ɗauki jakarta za ta fita, na riƙe ta. Farfesa yana ƙirga kawuna da ido. In Darakta ya shigo bai ga mai antibodi a tsaye kusa da antibodinta ba, ko layi goma ta samo sai kundin ya yi tsatsa a kan tebur kafin a sa masa hannu. Na ce ta zauna ta yi gadin ruwan gishirinta, ni zan je.

Ni da ke ɗaukar mutane, ranar na san abin da fasinja ke ji. A tashar kekuna ta bakin titi abokan aikina ne zaune a inuwa suna watsa guggurun shinkafa a baki, kekunansu a jere kamar 'yan rakiyar amarya.

Ɗaya ya hango ni ya ce, "A'a, Siddaraju uban dakta! Yau kai ne a ƙasa?"

"Mahadeva, taimake ni ka kai ni gida, abin gaggawa ne."

"Haihuwa ce ko mutuwa?"

"Zomo ne... jinin zomo ne zai lalace."

Suka kwashe da dariya. Mahadeva ya ce, "Yaya, ka dai sha wani abu da safen nan. Na ɗora makullin gaban Uwa, ko surukata ce ke naƙuda sai gobe."

Na sami bas, ya yi tafiya kaɗan ya tsaya cak kusa da fada, an tare hanya giwaye na wucewa. Mutane na ɗaga yara sama su gani, ni ina zagin giwa a zuciyata, ina kuma neman gafara don gobe ita za ta ɗauki Uwa a zagayen biki. Na diro na kama gudu ta lungunan kasuwa, ina tsallake fasassun kabewa da aka bubbuga a ƙofar kowane shago. Sau biyu santsinsu ya kusa kai ni ƙasa. Mutumin da ya ba hamsin baya, ga tumbin zaman keke, na isa gida numfashina kamar na tsohon injin ban ruwa.

Abin da na ji tsoro shi na tarar. Firij a buɗe, fes, yana ƙyalli, an zana masa layuka uku na farin toka a ƙofa. Madara da ƙullun idli, wainarmu ta shinkafa, suna cikin kwano da ruwa a ƙasa. Gowramma na zaune ta miƙe ƙafafu tana tsinke ganye.

Ta kira ni yadda matanmu ke kiran miji, ta ce, "Rii, wa ya biyo ka?"

"Gwangwanin man shanu! Na sama! Ina yake?"

"Wanne? Wanda ba man shanu a ciki?"

"Kin buɗe?"

"In ban buɗe ba ta yaya zan san ba man shanu ba ne? Kai da 'yarka kun mayar da ni jahila. Wata nawa ina jin antibodi da safe, antibodi da rana. Ina ganin 'yan kwalaben na gane su."

Na ce, "Madalla, madalla. Kin kai su wajen sanyi ke nan."

Ta dube ni kamar na yi saɓo. Ta nuna ɗakin puja da haɓa.

Na leƙa. Ga almakashinta, ga wuƙar yankan kayan miya, ga injin markaɗe, ga wayarta, ga makullin kekena. A sahun gaba kuwa, kan farantin tagulla, ga gwangwani a buɗe, 'yan kwalabe a tsaye a ciki, kowace da ɗigon ja a murfi. Ba ta tsallake ko ɗaya ba. Fitilar mai tana ci a gefensu. Abin da 'yata ta yi dabara ta sace daga hannun Farfesa, uwarta ta yi masa abin da Farfesan ya so, har ta fi shi iyawa.

Na miƙa hannu. Ban san Gowramma na iya tashi da sauri haka da gwiwoyin nan ba. Sai ga ta tsakanina da faranti.

"Taɓa ka gani."

"Gowri, zafi kashe shi yake yi!"

"Uwa ce za ta kashe shi? Na farko a firij ya kwana, ya yi aiki? Na biyu a firij ya kwana, ya yi aiki? Kun ba firij dama sau biyu. Yanzu a ba Uwa."

"Fitilar fa?"

"Fitilar Uwa ce."

Na taɓa gefen gwangwanin da bayan yatsa kafin ta doke hannuna. Ƙanƙarar jikinsa ta narke, amma da sauran sanyi. Da sauran lokaci ke nan, ba mai yawa ba. Farfesa ana iya durƙusa masa, Gowramma kuwa in ka durƙusa sai ta ce ka goge ƙasan tun da ka sauka.

Na ce, "To tsaya. Doka ta ce kada a ɗauke kaya daga gaban Uwa, ko ba haka ba?"

"Haka ne."

"To dokar ta ce kada a ɗauki Uwar da kayan tare?"

Ta harare ni.

Na ce, "Gobe giwa za ta ɗauke ta ta zaga gari da ita, kowa na tafi."

"Kai giwa ne?"

"Ke ki ɗauka."

"Au, ni ce giwar?"

"Ba haka nake nufi ba, Gowri! Ke ce mai tsarki, kin yi wanka, ba ki ci komai ba. Ki ɗauki faranti da hoton, mu sa su a firij in mayar da waya."

"Firij ɗina yana hutu. Shekara guda yana aiki dare da rana bai taɓa yi mini tsaki ba, ba kamar wasu ba. Ba mai kunna shi sai gobe."

Duk layinmu haka ne, kowane firij da furensa. Sai na ji ƙarar keken ɗinki ta bango. Gidan Fayaz tela, maƙwabcinmu. Su Musulmi ne, kayan aikinsu ba su san hutu ba sai ranar Idi.

Na ce, "Firij ɗin Mumtaz."

Gowramma ta dafe ƙirji. "Da naman akuya a ciki?"

"A fitar da shi."

Ta daɗe tana kallon kwalaben. Ita ma ta ga yadda yarinyar ta rame, ita ce ke tashi ta dafa mata kofi in tana karatu. Daga ƙarshe ta gyara ɗamarar sarinta, ta ce in riƙe fitila da ƙararrawa, in kuma na kuskura na yi dariya ta fasa.

Haka muka fito titi, ita a gaba da faranti da hoton Uwa a jingine a ƙirjinta, tana ɗingishi, ni a baya ina kaɗa ƙararrawa. Taku kaɗan ne tsakanin ƙofofinmu, amma sai da rabin layi ya leƙo.

Mumtaz, matar Fayaz, ta fito tana goge hannu. Ita da Gowramma sun fi shekara ashirin suna musayar gishiri da gulma ta kan katanga. Ta ce, "Yaya, lafiya? Ɗaurin aure ne ba a gaya mini ba?"

Na yi mata bayani a gurguje, zomo da kitse da layi, ban san me ta fahimta ba. Da ta ji sunan Sahana sai ta ce, "Karatun yarinyar nan ne? Ku shigo da shi mana." Sannan idonta ya sauka kan hoton. Ta tsaya a bakin ƙofa. "Yaya, gwangwani ya shiga, faranti ya shiga, furen ma ya shiga. Amma wannan, ki yi haƙuri. Kin san mu. Baban yara ya buɗe firij neman ruwan sanyi ya yi ido huɗu da ita, wa zai ɗauke shi daga ƙasa?"

Gowramma ta ce, "In ba ta shiga ba, kayan sun bar gabanta ke nan. Mu koma."

Na ji kamar in kwanta a titi. Na ce, "Ku ji tausayina, ku mata! Abin nan narkewa yake yi kuna shari'a."

Mumtaz ta ce, "Kai Yaya, yi mana shiru, maganar manya ake yi." Ta juya ga Gowramma. "Tagar kicin ɗinki ba ita ke kallon tagar nawa ba? Firij ɗina yana daidai wajen. Ki ajiye ta a tagarki ta fuskanto nan."

"Ƙofar firij za ta tare ta."

"Haba Yaya. Ke da kike ce mini daga kan dutse tana ganin duk Mysuru, ƙofar firij ce za ta gagare ta?"

Gowramma ta buɗe baki ta rufe. In ta musa ta rage wa Uwa daraja. Ta ce, "To naman fa?"

Aka fitar da cinyar akuya da kwanon kifi. Gowramma ta sa aka wanke wurin, ta sake wankewa da kanta, ta yayyafa ruwan kurkum, Mumtaz na tsaye tana cewa a bi a hankali kada a rina mata roba. Farantin ya ƙi shiga wajen ƙanƙara sai da aka karkata shi, aka cire ayaba biyu. Da ƙofar ta rufe na ji injin ya ɗauka, sai na zauna a ƙasan kicin ɗin mutane. Naman da aka fitar ba shi da wurin zuwa, sai Mumtaz ta ɗora tukunyar biriyani a ranar da ba ta shirya ba. Fayaz ya leƙo daga shago ya ce in dai haka pujarmu take, a riƙa kawowa duk wata.

Da yamma Sahana ta dawo a guje, sarinta duk ya yamutse. Darakta sai bayan azahar ya iso, ya tsaya gaban ruwan gishiri ya haɗa hannuwa, ya ce irin wannan kaya ne ke ɗaga sunan cibiya. Na kai ta gidan Mumtaz. Ta buɗe firij, ta ga fure da lemun tsami da 'yan kwalabenta masu jan goshi, ta juya ta ga hoton Uwa yana leƙowa daga tagarmu. Ta zauna a kan buhun shinkafa, ban san ko dariya take yi ko kuka ba.

Na ce, "Ya mutu?"

Ta ce, "Ban sani ba, Appa. Ya narke ya sake daskarewa. Sai an gwada."

Gwajin kwana biyu yake ci. Ranar da za a ga sakamako ban ɗauki fasinja ko ɗaya ba, na kafa keke a ƙofar cibiyar, mai ruwan rake yana ta tambayata ko in kawo ƙanƙara. Can sai ga ta ta fito, ba ta gudu, ba ta murmushi. Ta shiga bayan keke ta zauna kamar fasinja, ta miƙo mini wata 'yar takarda mai santsi. Na ɗaga ta sama wajen haske. Ga shi nan. Siriri, kamar gashin bakin yaro mai tasowa, amma layi ne, guda ɗaya, a inda ta ce zai fito, ya fi kauri a wajen ɓerayen da suka kumbura. Na kifa kai a kan sitiyari. Wani ya zo yana tambaya ko zan je kasuwa, Sahana ta ce masa direba ba shi da lafiya.

Farfesa ya tara ɗalibai ya yi jawabi, ya ce ga abin da yake faɗa, kimiyya ba ta tafiya sai da albarka, kuma ba don ya dage an ɗora kwalbar nan ba da yanzu ana nan ana kuka. A gida Gowramma ta ce ba ta son jin sunan wani Farfesa, ita ta san hannun da ya ɗiga jan gari. Ni dai ba wanda ya tambaye ni.

Sahana ta maimaita gwajin har layin ya yi kauri, ta rubuta kundi, Farfesa ya sa hannu ana saura kwanaki wa'adi ya cika. Ni na kai ta wajen masu ɗaure littafi, ni na ɗauko kundin a keke, baƙi mai rubutun zinariya, na hana kowa zama kusa da shi. A hanya ta karanta mini shafin godiya. Ta gode wa Darakta, ta gode wa Farfesa da layi biyar, ta gode mana ni da uwarta. A ƙasa kuma ta rubuta godiya ga Mumtaz Begum, saboda samar da wurin ajiya mai sanyi a lokacin da aikin ke cikin haɗari.

Na ce, "Putti, cire wannan. Za ki jawo mana magana."

Ta ce, "An riga an ɗaure. Kuma wa ke karanta shafin godiya?"

Farfesa yana karantawa, don ya ƙirga layukan da aka ba shi. Jiya na je ɗaukar ta, sai ga shi ya fito zai shiga mota. Ya yafito ni da yatsa.

"Direba, 'yarka ta ce maƙwabciyarku ce wannan Dakta Mumtaz Begum ɗin. A wace cibiya take? Ban taɓa jin sunanta ba."

Na ce, "Yallaɓai, ai... a gida take aiki yanzu."

"Ta yi ritaya ke nan. Madalla, irinsu sun fi samun lokaci. Muna neman mai jarrabawa daga waje ranar da Sahana za ta kare kundinta. Ka ce mata zan aiko da takarda."

Ya shige mota ya tafi. Na dawo gida na faɗa wa Mumtaz ta kan katanga. Ta ce ba komai, za ta je, amma a gaya wa Farfesan ita ba ta fita ranar Juma'a, kuma a turo mota.